Stamatiya, Akuyar Kastro

Ranar da Tanasis ya ɗauko ni daga ƙauyenmu don ya nuna ni ga mahaifiyarsa, na ci ado iya ado. Na saka rigar da na ajiye don bikin Ista da takalmi mai tsini da 'yar kawuna ta ara mini, na rungumo kwalin alewa. Da muka sauka daga bas a dandalin Dafnusa, na zaci lungu za mu shiga mu ƙwanƙwasa ƙofa. Sai ya ja hannuna muka kama hanyar dutse, muka yi ta hawa har takalmin aron nan ya fara cin dunduniyata. Muna isa gindin ganuwar Kastro, tsohon sansanin yaƙin da ke saman dutsen, ta ɓangaren da ke kallon teku, ya tsaya ya ɗaga kai ya ƙwala kira.

"Mama! Ga ta na kawo!"

Na duba hagu, na duba dama, babu kowa. Ya kama haɓata ya ɗaga sama. Can tsakiyar ganuwa sai ga wata mata rataye da igiya a ƙugu, ta cusa siket ɗinta cikin wandon maza, ta tokare ƙafafunta a jikin dutse, kwando a wuya, tana tsinkar wani abu kamar wadda ke cikin lambunta.

"Ita ce wannan?" ta yi magana da muryar da ta cika kwarin. "Ai ba ta da nama! Amarya, ajiye kwalin nan ki tare mini kwando!"

Kafin in ce wani abu, kwando ya taho yana lilo a bakin zare. Na jefar da alewar na cafke shi. Cike yake da kapari, 'yan ƙananan tohon nan masu fitowa daga tsagar ganuwa, waɗanda ake jiƙawa cikin gishiri da ruwan tsami.

"Ta iya cafka!" in ji ta. "Lefteris, ka gani? Ta iya cafka!"

Daga can ƙololuwar ganuwa wata murya ta amsa a raunane: "Ban gani ba, Stamatiya. Kin san ba na dubawa."

Surukina ke nan. Yana tsaye bayan bango, ya naɗe igiya a jikin tsohuwar igwa, ya riƙe ta da hannu biyu, idanunsa a runtse gam. Haka na san su. Daga ranar kuma har ta bar duniya, ba ta taɓa kirana Fotini ba, amarya ce kawai, ko da na yi furfura.

A cikin Kastro aka haife ta. Iyayenta daga wani ƙauye suke kusa da Simirna, can a ƙasar Turkawa, suna cikin mutanen da suka tsallako teku a shekarar da aka ƙone birnin. Jirgi ya zubar da su a tashar Dafnusa, garin ya duba bai ga inda zai sa su ba, sai aka nuna musu saman dutse. Lokacin ba a daɗe da kwashe fursunoni daga wurin ba. Kowa ya zauna a Kastro ɗin nan. Rumawa ne suka fara ɗora dutse kan dutse, mutanen Benis suka zo suka ƙara masa kauri suka sassaƙa zakinsu mai fukafuki a kan ƙofa, Turkawa suka ƙwace suka gina masallaci da wurin alwala, namu suka ƙwace suka mai da shi kurkuku. Na ƙarshe su ne su Stamatiya, waɗanda suka ci shi ba tare da harbi ko ɗaya ba, da tukwane da katifu a ka.

Suka raba ɗakin albarushi da barguna, gida wajen goma a ɗaki ɗaya. Mahaifiyarta, Evlambiya, ta iso da tsohon ciki, don haka mata suka share mata tsohon masallacin, a nan ta haihu. Stamatiya tana son faɗar wannan. "Masallaci ya haife ni, coci ya yi mini baftisma, kurkuku ya raine ni," in ji ta. "To wa zai ba ni tsoro?"

Mutanen ƙasa ba su so su ba. 'Yan bisa suke ce musu, in an yi faɗa kuma a ce musu irin Turkawa. Matan 'yan bisa suna zuba yaji a abinci, suna wanka kullum, suna waƙa da babbar murya, duk waɗannan laifi ne a idon 'yan ƙasa. In yaron bisa ya sauko makaranta, sai an jefe shi da ɓawon lemo.

Mahaifinta, Prodromos, maginin rijiya ne. Abin da ya tsira da shi daga Simirna igiyarsa ce, ya naɗo ta a jiki ƙarƙashin riga. Kastro yana da babbar rijiyar tara ruwan sama tun ta zamanin Benis, ta cika da shara da ƙasusuwa, bakinta kuwa ƙanƙane ne, babba ba ya shiga. Sai ya ɗaura wa 'yarsa igiya tana 'yar mitsitsiya ya zura ta da bokiti. Uwar ta yi ta kururuwa tana kiran Maryamu. Yarinya kuwa da aka jawo ta, baƙa ƙirin da laka, cewa ta yi a sake mai da ita. Da rijiya ta tsarkaka, ta rasa inda za ta rataya, sai ta leƙa bayan ganuwa ta ga kapari ya yi kore shar, babu mai taɓa shi. Ba a yi shekara ba Evlambiya ta fara sauka kasuwa da tulunan kapari. 'Yan ƙasa suna zagi suna saye. Su ne suka sa wa yarinyar suna Akuya, don su ɓata mata rai. Ita kuwa ta karɓe shi hannu biyu, in an kira ta da shi sai ta amsa da kukan akuya daga saman bango.

Tana budurwa yaƙi ya zo. Sojan Italiya suka hau Kastro da manyan motoci, suka ce kowa ya fita kafin faɗuwar rana. Aka tura 'yan bisa cikin rumbunan man zaitun da ke bakin tasha. A hunturun nan ne yunwa ta shigo. Ba na son tsawaita wannan, duk wanda ya girma a nan ya ji daga bakin kakarsa. An ci ciyawa, an ci ɓawon dankali, an ci jakuna. Evlambiya ba ta ga bazara ba.

Bayan an binne ta, Stamatiya ta zauna a bakin teku tana kallon hayaƙin girki yana tashi daga Kastro. Ta san ɗakin da hayaƙin ke fitowa, a nan ta koyi tafiya. Ta kuma san cewa ɗakin yana da ramin igwa da ke kallon teku, kuma babu mai gadi ta wannan ɓangaren, don babu mahaukacin da zai hawo ta nan. Da gari ya waye ta ɗaure siket, ta cire takalmi, ta kama dutse. Babu igiya, babu mai riƙe ta. Ta hau da yatsu da farce, iska na kaɗa ta, teku na dukan duwatsu a ƙarƙashinta, har ta kai ramin, ta zura hannu ta jawo burodi biyu masu zafi ta cusa a riga ta sauko.

Ta koma washegari. Ta sake komawa. Wata safiya ta zura hannu, sai ta ji an damƙe wuyan hannun. Wani ƙaton kuku ne mai gashin baki. Ya leƙo kansa ta ramin, ya ga yarinya maƙale a bango, ya ga tazarar da ke ƙarƙashinta, sai ya saki ihu ya fara zana gicciye a ƙirji da hannun da ya rage. Ya rasa yadda zai yi. In ya sake ta, yana tsoron ta faɗi. In ya riƙe, yana tsoron a zo a same su.

"Ni na fi shi natsuwa," in ji ta duk lokacin da take ba da labarin. "Na ce masa, bawan Allah, sake ni, kai ne za ka kashe ni da wannan rawar jikin naka!"

Bai ji yarenta ba, ita ma ba ta ji nasa ba. Amma a aljihunta akwai ɗan ƙullin kapari mai gishiri, ragowar na mahaifiyarta, wanda take tsotsa don jiri. Ta fiddo ta miƙa masa. Ya sansana, ya ɗanɗana, sai ga ƙaton nan yana hawaye shaɓe-shaɓe yana ta ambaton Sisiliya, Sisiliya. Ashe a garinsu ma a bango yake fitowa. Daga ranar ciniki ya ƙullu. Ta kai masa ƙulli, ta tarar ya ajiye mata buhu ƙarami a bakin ramin, wata rana taliya, wata rana wake, wata rana ƙanzon tukunya. Tulunan Evlambiya da suka rage kaf a cikin sojan Italiya suka ƙare.

Abin da ta sauko da shi ba ta tambayi wane ne ɗan bisa wane ne ɗan ƙasa ba. Prodromos ya kafa tukunya a bayan rumbu, duk yaron da ya zo da kwano a zuba masa. Har manyan matan gari, masu hular fita coci, suka riƙa aiko da kwanuka a rufe da tsumma. Cikinsu akwai wata Kiriya Aspasiya, wato Uwargida Aspasiya, gwauruwa mai ɗaga hanci, mai ɗa ɗaya tilo. Ɗan nan shi ne Lefteris.

Lefteris mai aski ne, shagonsa na dandali, madubinsa kuwa yana kallon Kastro daidai. Bayan an gama yaƙi, Italiyawa sun tafi, Jamusawan da suka gaje su ma sun tafi, 'yan bisa suka koma gidajensu, Stamatiya ta koma kan igiya. Shi kuwa yana aski yana kallonta a madubi. Wata rana ta yi wani tsalle daga wannan tsaga zuwa waccan, hannunsa ya zame, ya yanke wa mai kantin magani gefen kunne. Mutumin ya miƙe da kumfa a fuska, jini na zuba.

"Kai, ɗan Aspasiya! Ka je ka aure ta mu huta, tun muna da sauran kunnuwa!"

Ran Lahadi ya sa kwat, ya hau dutse. Mutumin da ko kan kujera ya hau don ya canza fitila sai jiri ya ɗebe shi. Ya iso ƙofar zaki fuskarsa fara fat. Prodromos ya saurare shi har ya gama, ya zuba masa giyar uzo a ƙaramin kofi, sannan ya ce:

"Ɗana, ni na tsufa, hannuna ya fara sanyi. Ba ni da gona, ba ni da gidan da zan ba ta. Yarinyar nan kuma ba za ta daina hawa ba ko sarki ta aura. Wanda zai ɗauke ta, shi zai riƙe igiya. Tashi mu gani."

Duk Kastro ya fito kallo. Aka kai shi bakin bango, ya leƙa sau ɗaya, ya ja da baya da sauri. Stamatiya ta ɗaura igiya a ƙugu tana dariya.

"Mai aski, in ka sake ni, fatalwata za ta riƙa zuwa shagonka kullum."

"Kiriya Stamatiya, ba zan sake ki ba. Amma don Allah kada ki ce in duba."

"Wa ya ce ka duba? Riƙewa aka ce ka yi!"

Ta faɗa bayan bango da gangan, da dukan nauyinta. Ya runtse ido, ya kafa ƙafa a jikin igwa, ya fara karanto sunayen waliyyai ɗaya bayan ɗaya da ƙarfi. Igiya ta sale masa tafin hannu har jini, bai saki ba. Da ta hawo, sai da aka ɓamɓare yatsunsa ɗaya-ɗaya. Matan bisa suka ɗauki waƙa nan take.

Kiriya Aspasiya ta kwanta ciwo da ta ji labari. Ta ce ɗanta ba zai auri akuya ba, ta ce ina garar da amarya ke kawowa. Stamatiya ta sauka da kanta, ta tsaya a bakin gadon.

"Mama, kwanonki mai zanen shuɗin fure, wanda bakinsa ya ɗan ɓalle, har yanzu yana nan? Na san shi sosai."

Tsohuwa ta juya fuska bango. Can ta ce, "Gishirinku ya yi yawa a waken." Sai ta tashi ta fara ɗinkin rigar biki. Shi ne aure na farko tsakanin bisa da ƙasa. A Kastro aka yi shi, a ɗan cocin Annabi Iliya da ke can ƙololuwa, aka yi rawa har kan rufin ɗakin albarushi.

A nan suka zauna, a nan aka haifi Tanasis. Kullum Lefteris ya sauka shago da safe yana bin jikin bango, idonsa a ƙasa, ya hawo da yamma haka nan. In lokacin kapari ya yi, daga farkon bazara zuwa tsakiyar zafi, sai ya rufe shago da hantsi ya je ya riƙe igiya.

Tanasis yana saurayi gwamnati ta ce Kastro kayan tarihi ne, ba wurin shanya wanki ba. Aka gina wa 'yan bisa gidaje farare a bayan tasha, da famfo da lantarki. Yawancinsu murna suka yi, kuma suna da gaskiya, sun gaji da ɗaukar ruwa da iskar hunturu. Stamatiya ce ta ƙarshen fita. Ta ɓalle ƙyauren ɗakinta, wanda mahaifinta ya sassaƙa kafin ya rasu, ta goya shi a baya ta sauko da shi ta tsakiyar kasuwa, ta sa aka cire na sabon gidan aka kafa shi. Aka sa wa Kastro mai gadi da tikiti. Ita dai ba ta daina hawa tsinkar kapari ba, mai gadin ya yi ta korarta shekara da shekaru, daga baya ya gaji, ya koma kawo tulunsa a cika masa.

Wanda bai gaji ba shi ne Papa-Yerasimos, limamin cocinmu. Mutum ne mai kirki, mai ƙiba, mai gemu har ciki, amma wandon nan ya tsaya masa a rai. Sau da yawa ya yi wa'azi a kan matan da ke saka kayan maza suna rataye a sama duk gari na kallo. Ba ya kiran suna, amma kowa sai ya juya ya dube ta. Ita kuwa ta gyara zama ta ce, "Amin, Papa," da ƙarfi.

To, ga ranar da nake so in ba ku labari. Na riga na yi shekaru a gidan, 'ya'yana sun fara tasawa, ita kuma ta haura sittin. Ranar bikin Annabi Iliya ce, tsakiyar zafi, ranar da ake buɗe Kastro kyauta duk gari ya hau. An gama addu'a, raguna suna juyawa a kan wuta, masu kiɗa suna gyara kayansu. Papa-Yerasimos ya je bakin ganuwa ta ɓangaren teku don ya sa wa jiragen masunta albarka, kamar yadda yake yi duk shekara. Ya ɗaga gicciye ke nan sai karnuka suka fara haushi gaba ɗaya, ƙararrawar coci ta buga da kanta, ƙasa ta yi wani irin ruri.

Girgizar ƙasa! Tukwane suka kife, mata suka rungume yara, kowa ya zube. Da ta lafa, ƙura ta kwanta, muka duba inda Papa yake tsaye. Babu Papa, babu bangon.

Matarsa ta saki ƙara ta sume. Maza suka tsaya cirko-cirko, babu mai iya matsawa, don bakin wurin sai zubewa yake. Sai muka ji murya daga ƙasa, siririya kamar ba tasa ba: "Jama'a! Kiristoci! Ina nan!"

Na kwanta rub da ciki na ja jiki na leƙa. Ga shi can ƙasa, wani ɓaure da ya tsiro a tsagar ganuwa ya tare shi, baƙar rigarsa ta sarƙe a rassa, ƙafafunsa suna reto a kan teku. Saiwar ɓauren kuwa tana fita daga bango a hankali, ina ganin ƙasa na zuba daga gindinta.

"A kira 'yan kwana-kwana!" in ji wani.

"Daga birni? Kafin su iso sai dai su tarar da hularsa!"

Ban ga lokacin da Stamatiya ta tashi ba. Na dai juya na gan ta ta tuɓe takalmin biki, tana kwance wa Tanasis bel.

"Cire wandon nan ka ba ni! Yi sauri, ba kallonka ake ba! Kai mai gadi, igiyata tana bayan ɗakinka, na san ka san wurin. Ku samari, ku hau ku yanko mini igiyar ƙararrawa. Lefteris!"

"Ga ni, Stamatiya."

Ya tsufa a lokacin, hannunsa yana rawa har ya daina aski. Tanasis, yana tsaye da gajeren wando a gaban duk gari, ya ce, "Baba, bari ni in riƙe."

"Matsa can," in ji tsohon. "Ba ka san nauyinta ba."

Ya naɗe igiyarta a jikin igwa, ya tofa yawu a tafi, ya kafa ƙafa, ya runtse ido. Ta ɗaura ɗaya a ƙugu, ta kama bakin ta ƙararrawa da haƙori, ta dube ni.

"Amarya, ke ce idonsa. Abin da kika gani ki faɗa masa." Maganar ta fito a cushe saboda igiyar da ke bakinta. Sai ta juya baya ta sauka.

"Saki, Baba! Saki kaɗan! Ƙara! Tsaya!" Haka na yi ta ihu. Bangon da ta sani tun tana yarinya ya canza, duk inda ta taka sai dutse ya ɓalle ya gangara, mu ji ƙararsa can a ruwa. Ta bi gefe, ta yi lilo, ta kama wata tsaga, ta sake lilo, sai ga ta daidai kansa.

"Barka da hutawa, Papa!"

"Stamatiya, 'yata, Allah ne ya aiko ki!"

"Da wando ya aiko ni, Papa. In koma in canzo?"

"Ki bar wasa, don girman Maryamu! Itacen nan yana tafiya!"

"Ɗaga hannu. Ɗaya hannun. Saki gicciyen nan, ba zai gudu ba, cusa shi a riga. Kai, Papa, raguna nawa ka ci a rayuwarka? Igiyar ba ta zagaya ka!"

Ta zura igiya ta ƙarƙashin hammatarsa, ta ƙulla irin ƙullin maginan rijiya, ta fiddo 'yar wuƙarta ta tsinkar kapari ta yanyanke rigar daga rassa. Ta ɗaga kai ta ƙwala: "Ku ja!"

Kowa ya kama igiyar ƙararrawa. Masunta, mahauta, magajin gari da kwat ɗinsa, masu kiɗa, tsofaffin matan bisa da jikokin waɗanda suka jefe su da ɓawon lemo, har wasu baƙi masu yawon buɗe ido da ba su san me ake ciki ba. Mai gadi yana ba da murya, ana ja, ana ja. Papa ya fara tasowa yana juyi kamar buhun gari, ita tana biye da shi tana tura shi da kafaɗa don kada ya gogu da bango.

Sun yi rabi ƙasa ta sake motsawa. Ɓauren ya tumɓuke gaba ɗaya ya tafi. Wani dutse ya sauko ya daki Stamatiya a kafaɗa, ƙafafunta suka rabu da bango, ta koma tana reto a iska. Igiya ta ja da ƙarfi har igwa ta yi ƙara, ta fizgi Lefteris ya durƙusa a kan gwiwa.

"Amarya! Me ya faru? Faɗa mini!"

"Tana nan, Baba! Riƙe! Riƙe!"

Ya riƙe. Jini yana bin igiya daga tafinsa, yana kiran waliyyai. Daga ƙasa sai muka ji ta: "Lefteris, kana barci ne? Ja ni, kafaɗata ta goce!" Tanasis ya rungumi ƙugun ubansa, ni na kama na Tanasis, muka ja da baya tare.

Papa ne ya fara fitowa, aka mirgino shi kan ƙasa, babu hula, rigarsa ta tsaya a gwiwa, ƙafafunsa farare sol. Sai hannunta ya bayyana a bakin bango, sai farin gashinta a warwatse. Ihun da aka yi a ranar, masunta da ke cikin teku sun ce sun ji shi. Aka ɗaga ta sama, tana zagin masu taɓa mata kafaɗa. Mahauci ya mayar mata da ƙashin a wurin, ta saki wata kalma da ban taɓa jin an faɗa a gaban limami ba. Papa-Yerasimos ya rarrafo ya kama hannunta ya sumbata, abin da mu muka saba yi masa. Babu wanda ya ce a sauka gida. Aka koma tsakiyar fili nesa da bango, aka kakkaɓe ƙurar raguna, masu kiɗa suka saki kiɗa. Ita ta ja layin rawa da hannu ɗaya a rataye, sanye da wandon ɗanta, Papa na biye da ita da guntuwar riga.

Kafaɗar ba ta koma daidai ba, daga shekarar ba ta ƙara sauka bango ba. Lefteris ya ce shi dai ya gode wa girgizar ƙasa. Ya rasu cikin barcinsa bayan 'yan shekaru, ita kuwa ta kai tsufa sosai, tana zaune a ƙofar gida tana ba kowa umarni.

Ta kusa casa'in lokacin da aka gyara ganuwar aka kewaye ta da manyan fitilu. Sabon magajin gari ya aiko a ɗauko ta, ita za ta danna makunnin. Muka ɗora ta da kujerarta a bayan a-kori-kurar Tanasis muka kai ta dandali da magariba, gari ya cika maƙil. Ta danna. Kastro ya tashi a sama gaba ɗayansa kamar zinariya, mutane suka yi ta tafi, jirage suna busa ƙaho. Ta daɗe tana kallo, bakinta a buɗe.

"Ashe haka yake da kyau," in ji ta. Sai ta ƙanƙance ido, ta finciko hannun rigar magajin gari. "Kai yaro, waccan ta ƙarshe, ta ɓangaren teku, kashe ta."

"Me ya sa, Kaka?"

"Shaho yana da sheƙa a wurin, a ramin da ke ƙarƙashin hasumiya. Kai za ka iya barci an haska maka wannan a ido?"

Ya yi dariya, ya ce zai sa a duba. Ta ce ba za ta sauka daga motar ba sai ta gani da idonta, kuma ba ta saki hannun rigar ba. Dole ya tura mai gyaran wuta a babur. Muna tsaye duk gari muna kallo, 'yar fitilar babur tana hawa dutse tana ɓacewa a kwana tana fitowa, har ta shige ƙofa. Can sai kusurwar teku ta yi duhu. Stamatiya ta saki magajin gari, ta gyara ɗankwalinta.

"Yawwa. Amarya, kai ni wurin mai askirim, yau mai lemo nake so."